Gilashi na Biyu

Hull,
9 ga Maris, 1947

Zuwa ga Yayata Norah,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Audrey da Keith, ya tsare ku daga sanyin Manitoba ta ƙasar Kanada da kike ba ni labari, ya kuma ƙara wa Goggo Maud sauƙin ƙafafunta. Mu nan lafiya lau, sai dai sanyin bana ya zo da abin da ko Mama ta ce ba ta taɓa gani ba. Yau mako shida ke nan ƙanƙara ba ta narke a bakin ƙofarmu ba. Kwal ya yi wuya, lantarki kuma a ɗauke da safe a kawo da rana, kamar ana ba mu aro. Mama tana nan da tarinta da bakinta. Tarin ya ragu, bakin kuwa yana nan yadda kika bar shi. Kawu Percy ya zame a ƙofar mashaya ya goce a hannu, ya rantse ƙanƙara ce ta kayar da shi, mu kuma ba mu yi masa gardama ba. Gwangwanayen naman da kika aiko sun iso, mun ci biyu, Mama ta ɓoye sauran a ƙarƙashin gadonta wai sai ranar da kika dawo. Mun gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Takardarki ta watan Janairu ta zo, na karanta wa Mama sau uku, ta yi kuka ta yi dariya da ta ji kun sami wuri a jirgin ruwa na watan Mayu. Kin tambaya ko za ku iya zama a wurinmu kafin hukuma ta ba ku gida. Haba Yaya, wannan ma abin tambaya ne? Ɗakin sama naku ne, har na fara ɗinka labule. Sai kuma kika roƙi abu na biyu, kika ce hoton Len na jarida da na aiko miki shekara shida da suka wuce ya yi ja ya fara yagewa a wurin ninki, in sa mijina Ambrose ya wanko miki babba daga gilashin da ya ɗauki hoton a kansa. Kika ce idan kin iso za ki sumbaci hannun da ya ajiye miki dariyar mijinki ta ƙarshe. To, kin ga mako bakwai ban ba ki amsa ba, ni da kike zagi da ɗan banzan rubutu. Na fara takardar nan ya fi sau goma ina jefawa a murhu. Ba zan bari ki hau jirgi ki shigo gidana ba tare da kin san abin da na sani ba. Idan kin gama karantawa, ke za ki yanke ko za ki iya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da mu. Ki nemi wuri ki zauna, kuma kada yara su karanta kafin ke.

Kin sha yi mini tsiya cewa aikina a gidan jarida ƙarya ce da buroshi. Lokacin yaƙi kam ba ki yi ƙarya ba. Duk hoton da masu ɗauka suka kawo daga inda bam ya faɗi, sai ya bi ta teburina kafin a kai wa masu tace labarai na gwamnati. Dokarsu ita ce kada abokan gaba su gane garin da suka buga. Sunan titi, sunan kanti, hasumiyar coci, duk in shafe. Gawa ko hannu ko takalmi da ƙafa a ciki, in mai da su bulo. Ko sunan garinmu ba a bugawa, sai a ce wani gari a bakin teku ta arewa maso gabas, kamar ba mu da uwa ba mu da uba. Abin da ba ki sani ba shi ne ni a kan takarda nake fenti. Gilashin da aka ɗauki hoton a kansa ba na taɓa shi, ana sa masa lamba a zura a ambulan a sauke shi ɗakin ƙasa. Duk abin da na shafe a shekarun nan yana can ƙarƙashin ƙafafunmu cikin akwatuna, babu abin da ya ragu.

Ranar da takardarki ta zo, da hutun rana na ɗauki fitila na sauka neman gilashin Len. Dama edita ya sa ni tace akwatunan, don za su yi bajekolin hotunan da aka hana bugawa, kowanne a jera shi da hoton yadda wurin yake yanzu. Na sami akwatin Mayu na 1941, na zaro ambulan, sai na ji ta fi nauyin gilashi ɗaya. Biyu ne a ciki, lambobinsu na bin juna, rubutun hannun tsoho Mista Stathers mai wanke mana hotuna, Allah ya ji ƙansa. A kan na farko ya rubuta an buga. A kan na biyu bai rubuta komai ba, sai ɗan ƙaramin gicciye da fensir a kusurwa. Na hau matakala zuwa tagar da ke kallon titi, na ɗaga shi a haske. A gilashi komai a juye yake, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, amma shekara ashirin ina karanta su, ba na buƙatar a wanke mini. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Sai da wata mai shara ta taɓa ni ta ce ko ba ni da lafiya ne.

Bari in koma safiyar ranar, yadda ni na gan ta. Kin san daren bakwai ga wata ne aka yi mana ruwan wuta na farko, washegari kuma aka maimaita. Na tafi aiki a ƙasa ina tsallake robobin 'yan kwana-kwana, garin duk warin ƙonannen hatsi da jiƙaƙƙen toka. Wajen sha ɗaya Ambrose ya shigo. A lokacin ba komai tsakaninmu sai gaisuwa. Ya yi fari fat da ƙura tun daga gashi har takalmi, ya ajiye jakarsa a ƙasa ya zauna a kan matakala. Ranar babu wanda ya damu, kowa da irin nasa firgicin. Mista Stathers ya kwashe gilasan daga jakar ya shiga ɗakin duhu, edita kuma ya sa aka raka Ambrose gida. Bayan awa guda aka ajiye mini hotuna kusan arba'in a tebur. Ina cikin bincikawa sai ga Len, da kayan ma'aikatan ceto, hular kwano a karkace, kofin shayi a hannu, yana wannan dariya tasa da ke nuna giɓin haƙorinsa. Na yi tsalle na zaga ofis ina nuna wa kowa, ina cewa ku ga mijin yayata, ya kwana lafiya. Edita ya karɓa ya ce irin wannan gwamnati ke so, a gyara shi tun yau.

A bayan Len akwai katangar wani kantin kujeru, hawa uku, ita kaɗai ta rage a tsaye, an rubuta sunan mai kantin da manyan haruffa a can sama. Dole sunan ya fita. Da wata rana ce da na zauna na zana bulo ɗaya bayan ɗaya a kan haruffan, amma ga hotuna arba'in, ga shi ban yi barci ba. Sai na haɗa fenti ruwan toka na shafe katangar gaba ɗaya tun daga kafaɗarsa zuwa sama, na mai da ita sarari da ɗan hayaƙi. Na ƙara wa haƙoransa fari, na ɗiga masa haske a ido. Ina yi ina waƙa, Yaya. Ina raya yadda za ki yi murna idan kin gani. Sai da yamma Mista Cammish, shugaban ƙungiyarsu ta ceto, ya zo wurin Mama da hula a hannu ya ce katanga ta faɗa wa Len yana kan aiki, nan take rai ya yi halinsa. Abin da na rubuto miki ke nan, kuma abin da na yarda da shi ke nan. Ko in ce abin da na zaɓi in yarda da shi, don ba sau ɗaya ba zuciyata ta raɗa mini cewa ai na ga wata katanga ranar, sai in tashi in nemi aikin yi.

Gilashi na biyu wuri ɗaya ne, mutum ɗaya, kofi ɗaya. Len ya matsa baya kamar taku uku. Katangar kuma ta riga ta taso. Ƙasanta yana nan daram, samanta ya zama dishi-dishi don tana cikin tafiya, haruffan sunan sun ja dogayen layuka. Shi bai sani ba, ko kaɗan bai waiga ba.

Kwana huɗu na yi da shi a jakata, na naɗe shi da gyale. Ranar Lahadi bayan coci Mama ta tafi wurin Kawu Percy, Ambrose yana zaune a kicin yana fere dankali. Na kwance gyalen na ajiye masa a gaba. Ya goge hannu ya ɗaga shi wajen taga, ya duba, ya ajiye a hankali, sannan ya ce da ni bai san ya danna ba. Shekara shida yana tambayar kansa ko yatsansa ya danna, bai taɓa samun ƙarfin halin sauka ɗakin ƙasa ya duba ba, Mista Stathers kuma ya tafi kabari da bakinsa a rufe. Na ce ba wannan na tambaye shi ba. Na ce ya gaya mini abin da ya kai Len gindin katangar da kofin shayi a hannu, in dai aiki yake yi. Kin san bakina idan raina ya ɓaci. Na faɗi maganganun da ba zan maimaita a takarda ba. Ya bari har na gaji, sannan ya ba ni labari tun daga farko, idonsa a kan kwanon dankalin.

Ya ce lokacin da ya isa titin an riga an gama aiki. Sun fito da wata tsohuwa da jikarta da rai daga ƙarƙashin matakala, Len ne ya shiga ramin da rarrafe ya jawo su, wannan gaskiya ne, ki riƙe shi. Motar shayi ta zo, mazan suka zauna a bakin titi nesa da ɓaraguzai. Ambrose ya zaɓi Len don fuskarsa, ya roƙe shi ya tsaya a gaban rusasshen kantin, ya ɗauka. Len ya dawo ya zauna cikin abokansa suna yi masa tsiya wai ya zama ɗan wasan sinima, 'yan mata za su yi layi a ƙofar gidansa, Norah ta dawo ta ci ubansa. To, masu ɗaukar hoton jarida suna da wata al'ada da ake koya musu tun suna sababbi. Ba ka barin wuri da gilashi ɗaya, don yana iya fashewa a jaka, ko mutum ya ƙifta ido, ko haske ya shiga. Duk kyan na farko sai ka ce a ƙara ɗaya. Ya ce bakinsa ne ya faɗa tun kafin ya yi tunani, kamar yadda ya faɗa sau dubu a wurin biki da wasan ƙwallo. Len ya ce a'a, ya gaji, shayinsa na hucewa, kuma Mista Cammish ya ce kowa ya nisanci katangar. Ambrose ya ce minti ɗaya ne, ya ɗan ƙara matsawa baya inda rana ta fi faɗowa.

Mista Cammish da sauran mazan duk sun gani. Da hannu suka tone shi. Ambrose ma ya tona har farcensa ya fita, sannan Mista Cammish ya kama shi a wuya ya ce ya ɗauki akwatin tsiyarsa ya ɓace, kuma in ya kuskura ya buɗe baki ya ɓata wa matar Len mutuwar mijinta, shi da kansa zai binne shi. Nan suka haɗa baki su takwas cewa yana kan aiki ne. Na je na sami Mista Cammish makon jiya, ya tsufa ƙwarai, yana kiwon tattabaru a bayan gida. Bai musa ba. Ya ce ba don mai hoto suka yi ba, don ke suka yi, kuma da za a maimaita haka zai sake yi. Ya ce in bar matattu su kwanta. Na ce ai ba shi zai zuba miki shayi kowace safiya yana kallon idonki ba.

Yanzu abubuwa da yawa sun faɗo mini a wurinsu. Tun daga ranar Ambrose bai sake ɗaukar abu sau biyu ba. Da aka kira shi soja aka sa shi cikin masu ɗaukar hoton runduna, haka ya yi shekara uku a Italiya. Hotunan da yake aiko mini, sojoji na wanke safa a hular kwano, ana yi wa wani aski a kan akwatin harsashi, wani yana barci a jikin alfadari da baki buɗe, duk ɗauka ɗaya ce. Hafsoshi sun yi faɗa sun gaji, abokansa suka laƙaba masa Ɗaya-Tal, sunan ya biyo shi har ofis. Ni wawuya har alfahari nake yi, ina cewa mijina ba ya kuskure shi ya sa ba ya maimaitawa. Ranar aurenmu, da muka jeru a ƙofar coci, mai hoton da muka ɗauko ya ɗaga hannu ya ce a tsaya a ƙara ɗaya. Ambrose ya saki hannuna ya zaga bayan cocin ya yi ta amai cikin kaburbura. Na yi fushi da shi kwana biyu, na ɗauka nadamar aurena yake yi. Ban taɓa gaya miki ba don kunya.

Na tambaye shi ko don ya wanke laifinsa ya aure ni, don abin ya fi komai ci mini rai. Ya ce a'a, ya ce ma shekara biyu yana guduna saboda ni ƙanwarki ce, takarduna ne suka fi ƙarfinsa. Ya ce ranar da ya dawo daga Italiya ya sauka daga jirgin ƙasa ya yi niyyar faɗa mini, sai ya shigo gidan Mama ya tarar da hoton a bango an sa masa fure, Mama ta rungume shi tana sa masa albarka. Daga nan kullum sai ya ce gobe. Ban ce wannan hujja ce ba, Yaya. Ragonta ce, na faɗa masa a fuskarsa, ya kuma amsa. Amma ni da na riƙe takardarki mako bakwai, bakina ya yi nauyin zagin rago.

Tun ranar ban iya duban aikina ba. Ina zaune a ɗakin ƙasa ina ɗaga gilasai ɗaya bayan ɗaya don bajekolin, ina haɗuwa da duk mutanen da na shafe. Wata mata da rigar barci a kan rufin bas. Hannu da zoben aure. Wasu na tuna ranar da na mai da su bulo, har na tuna abin da na ci da rana. Da na hau bas zuwa gida sai in riƙa ganin garin biyu, wanda ke gabana da wanda ke cikin akwati. An aiki Ambrose ya ɗauko yadda titin kantin kujerun ya koma, ya roƙi wani ya je a madadinsa, sai ni na taka da ƙafata. An share wurin tas. Fursunonin Jamus suna haƙa lambatu cikin ƙanƙara, an jera ƙananan gidajen nan da ake kawowa a mota a haɗa a yini ɗaya, har wata ta shanya zanen jariri ya daskare a igiya. Na yi ta lissafin inda katangar take, na kasa ganewa. Wani daga cikin fursunonin, bai fi shekara ashirin da biyar ba, ya cire hula ya gaishe ni, ni kuma na tsaya ina kallonsa kamar sakarya.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda ya sa na ƙona takardu goma. Ambrose ya roƙe ni kada in rubuta, ba don kansa ba, ya ce zai zauna miki a zuciya. Na yi ta juya shi, na ga idan na ɓoye, na sake ɗaukar buroshi ke nan. Da Len ya ƙi tashi, Ambrose ya san abin da zai tayar da shi, don duk unguwa an san yadda yake ɗokin takardunki. Ya ce masa, “Wancan na jarida ne, Len. Zo in yi maka na Norah, a aika mata Kanada.” Sai ya miƙe. Ya tofa yawu a hannu ya goge baƙin da ke fuskarsa, ya cire hular kwanon ya ajiye a bakin titi, ya gyara gashinsa da yatsu. Abokansa suna ta shewa. Yana tafiya da baya yana cewa, “To yi mai kyau, ta ga ban rame ba.” Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Kada ki kuskura ki ce ke ce sanadi, Yaya, zan yi faɗa da ke ko ta takarda ne. Wanda ya kira shi ya san kansa, waɗanda suka jefo bam ɗin ma Allah ya san su. Na gaya miki ne don ki san hoton da kika rataye shekara shida ba naki ba ne. Na edita ne da gwamnati da fentina. Naki shi ne na biyu. Na shiga ɗakin duhu ni kaɗai na wanke shi sau ɗaya, don in tabbatar da abin da idona ya gani. Ba ya wannan dariyar ta jarida. Bakinsa a rufe, kansa ya ɗan sunkuya, yana kallon mutum ta ƙasan gira, irin kallon da yake miki a teburin Mama lokacin yana zuwa zance ya ɗauka ba mai lura. Fuskarsa ta fito tar, har gashin da ya kwantar da yatsu ana iya ƙirgawa. Tunda nake ban taɓa ganin hotonsa mai kyau kamar wannan ba, kuma katangar tana bisa kansa. Zan iya shafe ta cikin awa biyu, ba wanda zai taɓa ganewa. Na haɗa fentin ma, na zauna, hannuna ya ƙi.

Ga yadda muka tsaya. Ambrose ya yi magana da ƙaninsa a Beverley, zai koma can kafin jirginku ya iso, ya zauna duk tsawon lokacin da kike so, ɗakin sama kuma yana nan naku. Idan kina son ki gan shi ki faɗa masa abin da ke ranki, zai zo ya tsaya ya ji. Idan ba ki son jin ko sunansa, ba za ki ji ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba zan rabu da shi ba. Ina son shi, na kuma kasa daina son shi ko a ranakun da ba na iya cin abincin da ya taɓa. Idan wannan ya sa ba za ki iya kallona ba, na fahimta, sai dai zai kashe ni a tsaye, don ke kaɗai gare ni. Mama ba ta san komai ba, kuma ba zan faɗa mata ba sai da izininki. Yara ma ke kika san abin da za su iya ɗauka.

Ki gaishe mini da Goggo Maud, ki ce Mama tana tambayar maganin da take shafawa a gwiwa. Ki gaishe da Audrey, na ji an ce ta fi ki tsawo, da Keith sarkin ci. Mama tana gaishe ku, tana ƙirga kwanaki a kalanda da jan fensir. Kawu Percy ya ce a gaishe ku da hannun da ya rage masa. Ambrose ya ce ba shi da bakin gaishe ki, don haka ban sa gaisuwarsa ba.

Gilashin na cire shi daga akwatin ofis, ba zai shiga bajekolin kowa ba. Yana cikin durowata. Ban sa hoton a ambulan ɗin nan ba, don ba na so ya faɗo miki a cinya ba ki shirya ba. Ki rubuto mini ko da layi ɗaya ne kafin ku tashi. Idan kin ce in fasa, zan fasa. Idan kin ce in shafe katangar, zan daure in shafe. Idan kuma kina son shi yadda yake, zan kawo miki shi Liverpool da hannuna, in tsaya a bakin jirgi har ki sauko, ko za ki yi mini magana ko ba za ki yi ba. Len dai ya tsaya ne don a aika miki, yau shekara shida saƙon yana hannunmu.

Allah ya kawo ku lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Ƙanwarki,
Enid